Ƙugiyar Sashe na Tara

Ranar wata Talata da hantsi Mai Fenti ya zo teburina da agogon da ba abin da ya same shi. Na buɗe bayansa, na sa madubin ido, na ga komai yana bugawa daidai, sai na gane mai agogon ne ke da lalura. Shekara arba'in ina gyaran agogo a bakin titi. Na san wanda ya zo gyara, na san wanda ya zo da magana a aljihu.

Mai Fenti shi ne shugaban jam'iyyarmu, Jam'iyyar Gyara Kayanka. Kada ka wahalar da kanka wajen tunawa, ba ka taɓa jin ta ba. Mu ashirin da bakwai ne masu kati, har da biyu da ba sa iya hawa bene. Ofishinmu ɗaki ɗaya ne a saman shagonsa na fenti: benci huɗu, tebur, ƙararrawar hannu, da fanka mai juyawa in ta ga dama.

Ya tambayi gwiwata, ya tambayi iyali, ya ɗan zagi tsadar rayuwa don share fage, sannan ya zo kan batu. Ranar Asabar kwamitin ladabtarwa zai zauna a kan Ungozoma. Ni kaɗai na rage cikin mutum shidan da suka kafa jam'iyya, don haka ni za a tambaya abin da sashe na tara na tsarin mulkinmu ya ce.

"Dattijo, ba ƙarya nake so ka yi ba," in ji shi. "Abin da ke rubuce a takarda, shi za ka faɗa. Ko ɗigo kada ka ƙara."

Na ce to ni fa, tunda ko agogo sai an murɗa shi yake tafiya? Ya ce kujera mai hannu kusa da taga, da muƙamin Uban Jam'iyya, da hotona a bango. Na ce ya haɗa da ƙarfen dafawa a matakala, don matakalar nan ashirin da biyu ce, kowace ɗaya kuwa ta san gwiwata farin sani. Ya yarda. Muka tafa, ya ɗaura agogonsa ya tafi.

Bari in koma baya, ka san abin da na sayar.

Lokacin da muka kafa jam'iyya, mun kai tsarin mulkinmu wurin wani mai buga takardu a ƙofar kotu. Keken rubutunsa ba shi da haruffanmu masu ƙugiya, don haka in ya gama bugawa sai ya bi da biro yana lanƙwasa musu kai ɗaya bayan ɗaya. Ya yi wa shafi na farko, ya yi wa na biyu, a na uku biro ya ƙafe. Ga layin masu ƙara suna jiransa. Muka ce ba komai, wa zai ga dan bai san ɗan ba ne? Muka naɗe takardarmu muka tafi. Ga yadda sashe na tara ya zauna, yana nan a shafi na uku:

"Dan jam'iyya ba zai sa baki a taron zabe ba. Wanda ya saba, an dakatar da shi wata shida."

Baƙi muke nufi. A jam'iyyar da muka baro, duk ranar zaɓe sai ka ga mota ta sauke mutanen da ba wanda ya san ubansu, su ɗaga hannu, su koma mota. Wannan muka so mu toshe. To amma masu kafawa suka yi ta tafiya ɗaya bayan ɗaya, Mai Fenti ya hau kujera, ya ɗauki takarda ya karanta ta yadda ya gan ta: ɗan jam'iyya ba zai sa baki ba. Wato ranar zaɓe kowa ya ja bakinsa ya yi gum. Ga kuma sashe na biyar, wanda ya ce ɗan takara sai an ambaci sunansa da murya a cikin taro. Ka ga ƙofa ke nan da aka kulle aka jefa makullinta cikin ɗaki.

Haka muka yi zaɓe huɗu cikin shekara goma sha biyu. Shugaba ya kaɗa ƙararrawa, kowa ya yi shiru. Sakatarenmu, tsohon ma'aikacin gidan waya da muke kira Hatimi saboda ko takardar naɗe ƙusa ka ba shi sai ya buga mata, shi zai miƙe ya karanta cewa masu son shugaba ya ci gaba su ɗaga hannu. Shugaba ya riga ya yanke cewa karatu ba sa baki ba ne, sa ido ne. Minti goma an gama, kowa ya koma sana'arsa.

Za ka ce ni ina ina? Ina benci na uku. Zaɓen farko na ɗauka wasa ne. Na biyu na lura taron yana ƙarewa da wuri, ba na rasa masu kawo gyara. Na uku kuwa kunya ce ta kama ni, don in na yi magana za a ce shekara shida me ya riƙe mini harshe.

Ungozoma ƙanwar matata ce. Shekara talatin tana karɓar haihuwa, rabin 'ya'yan 'yan jam'iyya a hannunta suka fara kuka. Marigayi mijinta yana cikin shidan nan namu, katinta kuma ya shekara goma sha tara a jakarta, cikin leda, tare da hotonsa. A zaɓe na biyar, ana kaɗa ƙararrawa ta miƙe ta ce, "Ni na tsaya." Kalma uku. Mai Fenti ya sake kaɗa ƙararrawa ya watsa taro, aka ɗaga zaɓe zuwa mako biyu, aka miƙa ta ga kwamiti. Ba wata shidan ne abin tsoro ba. Sashe na goma ya ce wanda aka taɓa dakatarwa, shi da muƙami har abada. In na ce baki, ta gama takara a jam'iyyar da mijinta ya kafa.

Ranar Juma'a da la'asar na koma gida na tarar da ita da yayarta zaune a tsakar gida suna tsefe wa jikata kai. Ban gama cire takalmi ba ta tare ni.

"Yaya, kana wurin aka buga takardar nan. Marigayi ya sha ba ni labarin biron. Gobe me za ka ce?"

Na ce abin da ke rubuce. Ta dube ni irin kallon da take yi wa mijin da ya kawo mai naƙuda a makare, ta ce ta ji an auna tagar ofis da faɗin wata kujera, ashe faɗina aka auna. Na ce ƙanwa, tsufa ba ya zama a benci. Ta ce haka ne, amma ta ga tsofaffi da yawa, ba ta taɓa ganin wanda kujera ta ƙara wa tsawo ba. Daga ranar matata ta daina yi mini magana. Ta kawo mini shayi ba sukari, na sha, ban tambaya ba.

Kwamitin mutum uku ne, Hatimi da wasu biyu da aikinsu gyaɗa kai. Aka kira ni, aka miƙo mini shafi na uku. Karatuna ba mai zurfi ba ne, aji uku na yi, amma wanda ke ganin haƙoran agogon mata ba ƙugiya ce za ta ɓuya masa ba. Na sa madubin ido, na daɗe a kan kalmar don a san na yi aiki, sannan na ɗago na ce baki aka rubuta, ba ƙugiya. Ungozoma ta ce a tambaye ni abin da aka nufa. Mai Fenti ya ce nufi yana zuciya, zuciya kuma ba ta cikin tsarin mulki. Mutum biyun suka gyaɗa kai.

Hatimi ya karanta wasiƙar dakatarwa, wadda da gani tun jiya aka rubuta ta. Na zaci za ta ɗaga rufin ɗakin. Sai kawai ta ce ya maimaita mata layin ƙarshe. Ya maimaita: daga yau ita ba 'yar jam'iyya ba ce har wata shida. Ta ce ya buga hatimi a kan layin daidai. Hatimi, da ba a taɓa roƙonsa wannan ba, ya buga har sau biyu da murna. Ta ajiye katinta a tebur, ta cire hoton mijinta daga ledar, ta ninke wasiƙa, ta yi mana sallama ɗaya bayan ɗaya har da ni. Na zauna da yayarta shekara talatin da takwas, na san 'yan gidansu in suka yi sallama cikin ladabi, a nemi mafaka.

Ranar zaɓe na hau bene ina dafe da sabon ƙarfe, na sami kujerata a bakin taga. Mai Fenti mutum ne mai cika alkawari in yana tsoro. Tsoron nasa kuwa bai tsaya nan ba: ya cika bencin baya da mutum shida marasa kati, surukansa biyu da leburorin shagonsa huɗu. Tunda an tabbatar sashe na tara ba ya maganar baƙi, me zai hana? Kuma wa zai ce ba su da ƙuri'a, alhali faɗin haka sa baki ne? A ranar wa'adinsa yake cika, yana so ya ga hannuwa da yawa a sama.

Ya kaɗa ƙararrawa. Ɗaki ya yi tsit. Hatimi ya miƙe ya gyara murya, sai muka ji takun takalmi a matakala.

Ta shigo da 'yar kujerarta ta ninkewa da gorar ruwa. Ta buɗe kujerar a gaban tebur, ta zauna, ta ɗaga wasiƙar sama yadda kowa zai ga hatimi biyun nan.

"Sannunku, 'yan jam'iyya. Ni baƙuwa ce, ga shaida. Dattijon jam'iyya ya duba da madubi ya ce sashe na tara bai hana baƙi ba, ga ma 'yan'uwana shida can a baya. Ɗan jam'iyya aka hana sa baki. Ni kuwa bakina nawa ne, na zo da shi."

Hatimi ya dubi takarda, ya dubi shugaba, ya gwada karanta nasa layin, amma muryar da ta shekara talatin tana ba da umarni a kan ihun masu naƙuda ba muryar gidan waya ce za ta danne ta ba. Ya zauna. Mai Fenti ya kai hannu ga ƙararrawa, ya tuna in ya watsa taro gobe shi ba kowa ba ne, ya janye. Ya yi wa leburorinsa alama da ido su fitar da ita. Biyu daga cikinsu ita ta yanke musu cibiya, suka sunkuyar da kai suna duban farcensu.

Ta fara a hankali. Ta ce ita baƙuwa ce, ba ta san komai ba, tambaya kawai take yi, wanda ya san amsa ya faɗa. Ta tambaya yaya aka yi jam'iyya mai mutum ashirin da bakwai ta tsayar da shugabanta takarar kansila ya sami ƙuri'a goma sha tara, su wa suka yi ɓatan hanya. Na ga mutum takwas suna kallon fanka. Ta tambaya mene ne launin jam'iyya, don ita ta san shi kore, sai ya koma ruwan ƙasa, bara kuma ya zama wani ruwan hoda mai kama da maganin ciki, ko launin jam'iyya shi ne duk wanda ya yi kwantai a shagon ƙasa? Ta tambayi hoton da ke kan tuta, ta ce kyakkyawan saurayi ne, ɗan shugaba ne ko ƙaninsa? Ta tambayi makullin banɗaki, me ya sa yake kwana a aljihu ɗaya, ko shi ma sai an ambaci suna da murya?

Dariya ba sa baki ba ce, ko kuwa ita ce? Ba wanda ya sani, don haka kowa ya danne. Wani tela da ke gefena ya cusa hularsa a baki, kafaɗunsa suna rawa. Hatimi, saboda sabo, ya shiga rubuta duk abin da take faɗa a littafin taro.

Zan yi wa Mai Fenti adalci: ya daure. Awa ɗaya da kwata, ina kallon agogo, ya zauna ya harɗe hannu yana murmushi kamar mai jiran ruwan sama ya ɗauke. Ya san kalma ɗaya in ta fita, wata shida ne da sashe na goma. Ya yi lissafi cewa gorar ruwanta za ta ƙare. Da siyasa kaɗai ta tsaya, da ya ci.

Sai ta kurɓi ruwa, ta juya wajen surukansa. Ta ce ta ji ɗayansu yana gini, tana ba shi shawara ta 'yar'uwa baƙuwa. Ɗakin haihuwa na asibitinta da aka shafe da fentin shagon ƙasa, ba a yi wata uku ba bango ya fara saɓa kamar maciji. Ta ce ita ba ta ce ana yi wa fenti ƙarin ruwa ba, amma ta taɓa buɗe gwangwani ɗaya ta ga fuskarta a ciki.

Mutum zai jure a taɓa masa jam'iyya. Sana'a kuwa, a gaban suruki mai gini, wani abu ne daban. Fuskarsa ta kumbura, jijiyar wuyansa ta miƙe, amma ko a nan bai manta da bakinsa ba. Ya fizge biro daga hannun Hatimi, ya jawo shafi na uku, ya danna wa kalmar nan ƙugiya, ƙatuwa, har ta kusa huda takarda. Ya miƙe ya ɗaga ta sama da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana nuna mata ƙofa. Wato baƙi aka hana, dole ta fita.

Ya ajiye takarda a tebur. Kafin ya ankara Hatimi ya buga mata, kamar yadda yake buga wa duk abin da shugaba ya rubuta tun shekara goma sha biyu.

Ungozoma ba ta motsa ba. Ta rufe gorarta ta jira. Hatimi ne ya fara magana, a hankali, yana bin layin da yatsa kamar mai tantance adireshi. Ya ce in baƙi ne, to ba a hana kowa magana ba. In ba a hana magana ba, kalma ukun da ta faɗa ba laifi ba ne, wasiƙarsa ta tashi a banza, ita 'yar jam'iyya ce. Ya buɗe aljihun tebur ya miƙa mata katinta. Sannan ya ɗago ya ƙirga bencin baya da ƙarshen biro, ɗaya zuwa shida, ya tambaya cikin ladabi wane ne ya sa su.

Mai Fenti ya juyo kaina. "Dattijo, kai ka ce baki ne. Faɗa musu."

"Ranka ya daɗe, abin da ke rubuce ka ce in faɗa, ko ɗigo kada in ƙara. Ran nan ba ƙugiya, na ce babu. Yau ga ta, kai ka ƙara."

Daga nan bakin shekara goma sha biyu ya ɓalle. Kowa ya miƙe, kowa yana magana, ba mai jin wani. Surukai suka zame ta matakala, leburori suka bi su. Aka dakatar da Mai Fenti wata shida saboda sa baƙi, da hannu goma sha tara, adadin da ya samu a takarar kansila. Da aka zo ambaton 'yan takara, mutum biyar suka ambaci kansu, har da telan da ya ci hularsa, wanda ban taɓa sanin yana da ra'ayi ba. Ungozoma ta ci da ratar ƙuri'a ɗaya tak. Akwai masu cewa tawa ce, akwai masu cewa tun farko ni na kitsa mata komai. Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Mutum in ana jingina masa wayo, ba ya tsayawa gardama.

Kafin rana ta faɗi Mai Fenti ya ce bene nasa ne, mu kwashe benci. Muka sauko da su ɗaya bayan ɗaya, Hatimi yana gaba rungume da littafin taro. Yanzu a ɗakin jiran asibitinta muke zama ranar Asabar bayan an tashi awo, ƙarƙashin hoton yadda ake shayar da jariri.

To wa ya ci, wa ya faɗi? Mai Fenti ya rasa kujera har abada, ya rasa cinikin ginin surukinsa, amma ya sa kaya a saman bene, ya ce hawan jininsa ya sauka. Ni na zauna a kujera mai hannu awa ɗaya da rabi, hotona bai kai bango ba, ƙarfen dafawa kuma leburori ke jin daɗinsa. Amma asibitin ba bene ba ne, kuma a gida an dawo yi mini magana. 'Yan jam'iyya sun sami bakinsu, sun rasa Asabar ɗinsu, don taron da yake minti goma yanzu awa huɗu ne, makon jiya ma a kan launin tuta aka tashi ba a gama ba. Ungozoma ita ce ta ci: katinta yana jakarta, kujerar tana hannunta, kuma ba wanda ya isa ya ce ba zaɓenta aka yi ba. Sai dai duk abin da ta kawo, mutum ashirin ne ke sa mata baki. Na ji ta ran nan bayan taro, ta riƙe kai da hannu biyu, tana tambayar Hatimi cikin raɗa ko tawadar biro tana kankaruwa da reza. Ya ce mata tana kankaruwa, amma hatimi ba ya kankaruwa.